Kawuna ya yi mini alkawari uku ya saɓa: wanne ne kotu za ta iya tilasta masa?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 30 daga unguwar Yelwa a Garwa, ƙasar Kamaru. Shekara shida da suka wuce ina tuƙin mota tsakanin Garwa da Ngaundere, sai kawuna, yayan mahaifiyata, mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwa, ya kira ni gaban mahaifiyata da wani amininsa, ya ce in bar tuƙi in riƙe masa shago shekara biyar, shi kuma zai sallame ni da jarin sefa miliyan 2. Ban taɓa karɓar albashi ba, sai abinci da ɗan abin sawa a aljihu. Shekara uku da suka wuce ya nemi in ranta masa sefa dubu 800 da na tara tun ina direba domin ya saro kaya daga Duwala, na tura masa ta waya kashi biyu, ya ce zai biya bayan babbar Sallah. Ranar ɗaurin aurena kuma ya faɗa gaban jama'a cewa ya ba ni filinsa na Jambutu, har na kashe kusan dubu 400 wajen zuba harsashin gini. Da na tuna masa maganar sallama wata huɗu da suka wuce, sai ya ce shi bai ambaci adadi ba, bashin kuma ai na ci na sha a gidansa, filin ma ya fasa domin ɗansa zai ba. Ba mu da ko takarda ɗaya. Abokaina sun ce in kai shi jandarma, mahaifiyata kuwa kuka take yi, tana cewa kada in tona asirin dangi. Shin doka za ta iya sa shi ya cika abin da ya faɗa da bakinsa?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kuma saka maka bisa shekarun da ka yi kana buɗe shagon nan da safe kana rufewa da yamma. Kafin komai, ina roƙonka ka ajiye shawarar zuwa jandarma. Rashin biyan rance rigima ce tsakanin mutum da mutum, kuma sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, wanda ya yi magana a kan cin amana, ya faɗa ƙarara cewa hukuncinsa bai shafi rancen kuɗi ba. In ka sa aka ɗauko kawunka daga kasuwa a idon abokan sana'arsa, za ka ƙona zumunci ka ƙona zuciyar mahaifiyarka, sannan a ƙarshe a ce maka ka nufi kotu, inda da can ya kamata maganar ta je in sulhu ya gagara.

A Garwa, kamar ko'ina a yankuna takwas na Kamaru masu amfani da Faransanci, dokar da ke hukunta alkawura tsakanin mutane ita ce Kod Sibil, wadda aka gada daga kundin Faransa na 1804. Faransa ta sake fasalin wannan babi a 2016 har lambobin sassan suka canza, Kamaru kuwa tana nan a kan tsohon rubutu, saboda haka in ka bincika a intanet ka ga lambobi dabam da waɗanda zan ambata, to na Faransa ka gani. Sashe na 1108 ya shimfiɗa sharuɗɗa huɗu kafin magana ta zama yarjejeniya mai ɗaure mutum: yardar wanda ya ɗauki nauyin, cancantarsa ta ƙulla yarjejeniya, wato ya kai shekara 21 kuma hankalinsa lafiya, tabbataccen abin da aka yi magana a kai, da kuma dalili halastacce. In waɗannan suka cika, sashe na 1134 ya ce yarjejeniyar ta zama doka ga waɗanda suka ƙulla ta, ɗaya ba zai warware ta shi kaɗai ba, kuma wajibi ne a cika ta da kyakkyawar niyya. Ka lura cewa takarda ba ta cikin waɗannan huɗun. Mutane da yawa suna zaton abin da ba a rubuta ba babu shi a idon doka, alhali a mafi yawan mu'amaloli takarda hanyar tabbatarwa ce kawai. Akwai dai 'yan mu'amaloli da doka ta ware ta ce ba su ƙulluwa sam sai da rubutu na musamman, kuma za ka ga ɗaya daga cikin naka ya faɗa cikinsu.

Wataƙila ka ji masana shari'a a gidajen rediyon Nijeriya suna cewa alkawari ba ya ɗaure mutum sai in wanda aka yi wa ya ba da wani abu a madadinsa. Wannan ƙa'idar dokar Ingila ce, tana aiki a Nijeriya da kuma Bamenda da Buya, wato ɓangaren Kamaru mai amfani da Ingilishi, amma alƙalin Garwa ba da ita zai auna maganarku ba. Abin da zai tambaya shi ne ko kun haɗu a kan abu sananne da nufin ɗaure kanku, sannan ko kana da abin da za ka tabbatar da hakan.

Rancen dubu 800 shi ne mafi ƙarfi a hannunka, kuma ina so ka san haka domin ka daina jin kamar ba ka da komai. Ka ba da kuɗi, ya karɓa, an sa lokacin biya, lokacin ya wuce. A tsakanin mutanen da ba 'yan kasuwa ba, sashe na 1341 yana neman rubutu ga duk abin da ya wuce wani ɗan ƙaramin adadi da aka yanka tun zamanin da, wanda kuɗinka ya ninka shi sau da yawa. To amma kawunka ɗan kasuwa ne, kuma don sayen kayan shago ya ranci kuɗin, wannan kuwa ya shigo da dokar OHADA, wato tsarin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, wanda ƙasashe 17 suke bi, ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar. Sashe na 5 na dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a 2010, ya ce ana iya tabbatar da mu'amalar kasuwanci a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Saboda haka saƙonnin da suka shigo wayarka lokacin da ka tura kuɗin hujja ne, haka duk wani saƙon murya ko rubutu da ya aiko maka ta WhatsApp yana cewa ka ƙara haƙuri. Ka je ofishin kamfanin wayar ka nemi a buga maka tarihin tura kuɗin a takarda tun kafin wayar ta ɓace ko ta lalace.

Amsar da ya ba ka ma tana taimakonka fiye da yadda ya zata. Wanda ya ce ai ka ci ka sha a gidansa bai musa karɓar kuɗin ba, yana dai da'awar cewa an riga an biya ta wata hanya. Sashe na 1315 na Kod Sibil ya raba nauyin hujja gida biyu: mai neman a biya shi sai ya tabbatar da bashin, wanda ya ce ya sauke nauyin kuma shi zai tabbatar da ya sauke. Kafin a cire bashi daga bashi, dole ne duka biyun su kasance sanannun adadi waɗanda lokacin biyansu ya yi, tuwon da aka ba yaron shago kuwa ba a taɓa yanka masa farashi ba, balle a ce an yarda za a cire shi daga rance.

Maganar sallama ta fi wuya, kuma a nan ne nake so ka natsu sosai. A zahiri wannan ba kyauta ba ce: kai ka ɗauki nauyin aikin shekara biyar, shi ya ɗauki nauyin jari, kowane ɗaya dalilin ɗayan ne, kuma kai ka riga ka sauke naka har da ƙari. Irin wannan yarjejeniya tana ƙulluwa da baki. Inda gardamar take shi ne adadi. Sashe na 1129 ya yarda a bar yawan abu ba a faɗa ba matuƙar akwai hanyar da za a gano shi daga baya, amma in abin da aka ce shi ne “zan taimaka maka da abin da ya sawwaƙa”, to babu ma'aunin da alƙali zai riƙe. Sashe na 1174 kuma ya soke duk nauyin da mutum ya rataya a kan ganin damarsa kaɗai, domin wanda ya ce zai biya in ya ga dama bai ɗauki nauyin komai ba. Kawunka ya san inda yake takawa da ya ce bai ambaci adadi ba, ko da bai san lambar sashen ba. Faɗar “in Allah ya yarda” kuwa, wadda ba ta rabuwa da bakin kowane Musulmi, ban ga yadda za a mai da ita irin wannan sharaɗi ba, tun da ladabin magana ce, ba ƙofar fita ba.

Saboda haka komai ya dogara da mutum biyun da suka zauna a wurin. Shaidar mahaifiyarka tana da rauni a kotu, kasancewar ita ta haife ka, kuma ni kaina ba na so a kai ta inda za ta tsaya tsakanin ɗanta da yayanta. Aminin kawunka shi ne mabuɗi. Ka je ka gaishe shi a gida cikin girmamawa, ka tambaye shi abin da ya tuna, kada ka sa masa magana a baki. In ya tuna miliyan 2 kuma yana da ƙarfin halin faɗa, to ka sami ginshiƙi. Rashin takarda ma yana da magani a nan, domin sashe na 1348 ya buɗe ƙofar shaidar baki ga wanda ba zai yiwu ya nemi rubutu ba, kuma alƙalai sun daɗe suna shigar da kunyar da ke tsakanin dangi na kusa cikin wannan uzuri. Wane ɗa ne a cikinmu zai dubi kawunsa gaban mahaifiyarsa ya ce a kawo biro? Sai dai zumuncin nan yana iya juyowa kanka, domin lauyansa zai ce taimakon dangi ne kawai aka yi, ba wanda ya yi nufin ɗaure kansa. Amsarka ita ce ka bar sana'ar da take ciyar da kai saboda maganarsa, an yanka shekaru, an kira shaidu, kuma ba a yin haka don hira.

Akwai wata hanya ta biyu a kan wannan batu wadda mutanenmu ba su cika tunawa da ita ba. Wanda ya yi wa wani aiki a ƙarƙashin umarninsa don a biya shi ma'aikaci ne a idon dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992, ko da ɗan'uwa ne, kuma dokar ta yarda a tabbatar da yarjejeniyar aiki ta kowace hanya. Maƙwabtan shago sun gan ka kullum, littafin ciniki da rubutun hannunka yake, masu kawo kaya kai suka sani. Rigimar aiki tana farawa ne a ofishin sufeton ƙwadago, wanda aikinsa na farko shi ne sasantawa, sai in ya kasa sannan a wuce kotu, kuma ba a biyan kuɗin shigar da irin wannan ƙara. Ka sani dai neman albashi yana faɗuwa bayan shekara uku daga lokacin da ya kamata a biya, don haka kowane wata da ya wuce yana rage abin da za ka iya nema ta wannan hanya.

Filin Jambutu kuwa, gara ka ji gaskiya daga gare ni tun yanzu: kotu ba za ta ba ka shi ba. Kyauta tana cikin mu'amalolin da na ce doka ta ware. Sashe na 931 na Kod Sibil ya ce kyauta tsakanin rayayyu sai an rubuta ta gaban noter, wato jami'in da hukuma ta naɗa don rubuta yarjejeniyoyi da hatimce su, in ba haka ba ta ɓaci. An sassauta ga abin da ake miƙawa hannu da hannu, kamar kuɗi ko keke ko agogo, domin miƙawar ta wadatar. Fili ba ya cikin wannan sassauci, kuma dokar filaye mai lamba 74-1 ta 6 ga Yuli 1974 ta ƙara ɗaure maganar a sashenta na 8, inda ta ce duk takardar da ke mai da mallakar fili daga hannu zuwa hannu dole ta kasance ta noter, sannan ta soke cinikin filin da ba shi da takardar mallaka ta hukuma, wato titir fonsiye, da sunan mai sayarwa. Ko mutum ɗari suka ji shi a wurin ɗaurin aure, hakan bai maye gurbin wannan rubutu ba. Hikimar da ke ciki ita ce kare mutum daga rabuwa da dukiyarsa cikin zafin murna ko kunyar taro, ko da yake na san wannan hikima ba za ta yi maka daɗin ji yau ba.

Dubu 400 da ka zuba a ƙasa magana ce dabam. Da izininsa ka yi ginin, da saninsa, kuma harsashin zai amfani wanda fili ya koma hannunsa. Sashe na 555 na Kod Sibil ya tanadi hukuncin ginin da mutum ya yi da kayansa a filin wani, kuma da shi za ka nemi a mayar maka da kuɗin kaya da na aiki. Ka tattara rasit na siminti da rodi da yashi, ka ɗauki hoton wurin, ka riƙe sunan maginin da ya yi aikin. Daga yau kada ka ƙara ko bulo ɗaya, domin duk abin da ka gina bayan ya ce ya fasa, ka gina shi ne kana sane da cewa filin ba naka ba ne.

Abin da kotun gwamnati ba ta tilastawa bai zama halal ga mai saɓawa ba, kuma kawunka Musulmi ne mai jin maganar malamai. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawura, hadisi kuma ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafunci guda uku. A mazhabar Malikiyya da muke bi, sanannen ra'ayi shi ne alkawari yana zama wajibi har a gaban alƙali in ya sa wanda aka yi wa ya shiga wata ɗawainiya saboda shi. Misalin da aka ruwaito daga Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, shi ne mutum ya ce wa wani ya rushe gidansa zai ranta masa abin da zai sake ginawa, ko ya yi aure zai ranta masa; in ya rushe ko ya yi auren, to mai alkawarin ba shi da damar janyewa. Ka bar tuƙi saboda maganarsa, ka zuba harsashi saboda maganarsa. Malikiyya kuma suna ganin kyauta tana lazimtar mai ita da furuci, karɓa ce take cika ta. Wannan hujja ce mai nauyi a zauren sulhu, inda ba a tambayar hatimin noter, don haka ka nemi malamin da kawunka yake girmamawa ya yi masa wannan bayani da bakinsa, domin daga bakinka zai ji shi kamar rashin kunya.

Ga yadda nake ganin ya dace ka bi. Ka fara da mahaifiyarka, ka gaya mata ba kotu za ka ba, zama kake nema, kuma ita ce za ta zaɓi dattijon da za a zauna a gabansa, ko babban dangi, ko limamin unguwa, ko shugaban 'yan kasuwar layinsu. In ya ƙi zuwa, sai a kai maganar gaban jauro ko lawan. Ka shiga zaman ka san abin da za ka riƙe da abin da za ka iya saki. Rancen ba abin ragi ba ne. Kuɗin gini a mayar maka. A kan sallama kana iya karɓar biya kashi-kashi, ko kaya daga shago a farashin sari maimakon kuɗi, domin mai yiwuwa ne kasuwa ta ja baya kuma kunyar faɗar haka ce ta sa shi musu. Filin kuma ka nuna ka haƙura in aka cika sauran; in zuciyarsa ta yi laushi ya ce ka riƙe, to kada a tashi sai an sa ranar zuwa wurin noter, kuma a fara duba ko filin yana da takardar mallaka da sunansa.

Duk abin da aka cimma a wannan zama a rubuta shi nan take. Ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa masa shaidu. Takardar ta ƙunshi cikakkun sunayenku da lambobin katin shaida, adadin kuɗi da lambobi da kuma haruffa, dalilin kowane bashi, da ranakun biya. Sashe na 1326 na Kod Sibil yana so mai ɗaukar bashi ya rubuta adadin da haruffa da hannunsa kafin ya sa hannu. Ko da yake an sassauta wa 'yan kasuwa wannan sharaɗi, ku cika shi domin rufe ƙofar gardama. Kowa ya riƙe kwafinsa na asali, shaidu biyu su sa hannu. In kawunka ba ya rubutun boko, ku yi ta gaban noter domin kada gobe a ce bai san abin da ya dangwala wa yatsa ba.

In zaman ya watse ba tare da komai ba, ka ga lauya da duk takardunka. Matakin farko yawanci shi ne a aika wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da sammaci, ya kai masa takardar neman biya ya kuma rubuta amsar da ya bayar, wadda ita kanta takan zama hujja. A kan rancen, dokar OHADA tana da gajeriyar hanya inda ake neman shugaban kotu ya ba da umarnin biya, matuƙar bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, lokacinsa ya yi, kuma daga yarjejeniya ya fito. Adadinka bai kai miliyan 10 ba, don haka ƙaramar kotun matakin farko ta Garwa ce take da hurumi. Kada ka bari haƙuri ya cinye maka lokaci: sashe na 16 na dokar kasuwancin ya ba da shekara biyar kacal ga bashin da ya taso daga harkar ɗan kasuwa, ana lissafawa daga lokacin da ya kamata a biya, wato bayan waccan babbar Sallah. Wajen rabin wa'adin ya riga ya tafi, amma ranar da ya amsa bashin a rubuce lissafin zai koma farko, shi ya sa ko da ba a daidaita a kan sallama da fili ba a zaman farko, ka yi ƙoƙari kada a tashi sai ya sa hannu a kan dubu 800 ɗin.